Yadda Ake Koyar da Numfashi a Gidan Yari

Kafin a buɗe wa fursunoni ƙofa, malamin yoga ya riga ya yi kusan rabin aikinsa. Yakan tsaya ya dubi ɗakin tukuna: ina ƙofa take, ina taga, ina gandiroba zai tsaya. Sannan a ɗauko tabarmin roba a shimfiɗa. Ba a jera su sahu-sahu yadda ake yi a wuraren motsa jiki na cikin gari. Zobe ake yi da su, ko rabin zobe, gaban kowace tabarma na kallon tsakiya, bayanta na wajen bango, kuma a bar tazarar da in mutum biyu suka miƙa hannu ba za su taɓa juna ba. Baƙo zai ɗauka ƙawa ce kawai. Dalilin ya fi haka nauyi. Mutumin da ya shekara ashirin a kurkuku ba ya yarda wani ya tsaya a bayansa, kuma muddin akwai wani a can, hankalinsa na kan ƙeyarsa, ba ya kan abin da ake koya masa.

Irin wannan ilimi aka tara kaɗan-kaɗan a gidan yarin San Kwentin, wanda ke bakin ruwa arewa da birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka. An buɗe shi a 1852, shi ne mafi tsufa a jihar, kuma shekaru da yawa can aka riƙa ajiye mazan da aka yanke wa hukuncin kisa. A 2002 wani malami mai suna James Fox ya fara shiga yana koyar da yoga, wato tsohuwar hanyar nan ta Indiya da ke haɗa motsa gaɓoɓi da sarrafa numfashi da tattara hankali. Daga ajinsa ƙungiyar Prison Yoga Project ta tsiro, wadda yanzu take horar da malamai a Amurka da wasu ƙasashe. Abin da aka gano tun da wuri shi ne yogar da ake sayar wa masu hali a waje ba ta shiga nan yadda take. Sai an sake mata tsari tun daga tushe, kuma kowane gyara da aka yi akwai wani ciwo da ya sa aka yi shi.

Sai an san ciwon ake gane maganin. Likitocin ƙwaƙwalwa suna magana a kan wani rauni da ba ya zubar da jini. Mutum ya gamu da tashin hankalin da ya fi ƙarfinsa, dukan kawo wuƙa tun yana yaro, ko fyaɗe, ko kisa a gaban idonsa. Abin ya wuce, amma jikinsa bai sami labarin ya wuce ba. Mu kira shi tabon firgici. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan sassa biyu, dama da hagu, da ake kira amigdala. Aikinsu hango haɗari. Da sun hango, tun tunani bai ce uffan ba sun aika saƙo: sinadarin adiranalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, tsokoki su ɗaure, jiki ya shirya faɗa ko gudu, ko kuwa ya sandare wuri ɗaya. Ga mai lafiya, haɗari na wucewa komai ya koma mazauninsa. Ga mai tabo, ƙarar buga ƙofa ko wani wari ko hannu a kafaɗa ya isa ya fama masa mikin, duk wannan ya taso sabo fil. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Wasu kuma akasin haka ke samunsu: don su tsira daga zafin, sai su daina jin jikinsu baki ɗaya. Ka tambayi irin wannan mutum me yake ji a kafaɗarsa, ya dube ka kamar ka yi masa wani yare.

Gidajen yari cike suke da masu wannan tabo. A ƙarshen shekarun 1990, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka tambayi mutum sama da 17,000 a San Diyego irin wahalhalun da suka sha a ƙuruciya, kamar duka, wulaƙanci, rashin kulawa, mashayi a gida ko ɗan gida a ɗaure. Kusan mutum ɗaya cikin takwas ne ya ce ya sha iri huɗu ko fiye. Da aka yi makamanciyar tambayar ga maza fursunoni a gidan yarin Parc na yankin Wales, rahoton da ya fito a 2019 ya nuna kusan rabinsu ne. Wannan ba ya wanke kowa daga laifinsa, kuma malaman da suka san aikinsu ba sa cewa ya wanke. Yana dai gaya wa malami su wa ke tsaye a kan tabarmin.

Yawancin dabarun an aro su ne daga wata cibiyar kula da masu tabon firgici da ke kusa da Boston, inda likita Bessel van der Kolk da malamin yoga David Emerson suka yi shekaru suna gwadawa suna gyarawa. Tunaninsu mai sauƙin faɗa ne. Tabo na samuwa ne lokacin da aka ƙwace wa mutum iko da jikinsa, don haka waraka na farawa daga mayar masa da ikon, ko da ɗan ƙanƙani ne. To ka kawo wannan tunani wurin da ake gaya wa mutum lokacin tashi, lokacin ci, lokacin wanka, a ƙidaya shi sau da yawa a yini, a tuɓe shi a caje shi in an ga dama, sai ka ga girman abin da malamin ya ɗauko.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba. Tabarma ce, sai ɗan bulo na soso da ake dafawa in hannu bai kai ƙasa ba, sai kujera ga tsoho ko mai ciwon gwiwa. Igiyar zare da masu yoga ke ɗaurawa a ƙafa don miƙe tsoka galibi ba ta wuce bakin ƙofa, kuma ko ta wuce malami mai hankali ba zai miƙa wa wanda ya saba da ankwa abin ɗauri ba. Waya ma a waje take kwana. Hatta tufafi da ƙa'idarsu: a Kalifoniya baƙo ba ya sa shuɗi irin na fursunoni ko kore irin na gandirobobi, don mai gadi daga saman hasumiya ya iya bambancewa. Abin da ya rage wa malamin shi ne jikinsa da muryarsa.

Jikin nasa ma daure shi yake yi. Yana shiga zoben kamar kowa, ya hau tabarmarsa, ba ya sauka har a tashi. Ba ya zagayawa yana leƙen mutane. Ba ya taɓa kowa, ko da ya ga ƙafa ta karkace, alhali a waje malamai na alfahari da iya gyara ɗalibi da hannu. Duk abin da ya ce a yi, shi ma yana yi, don kada ya zama mai tsaye yana kallon masu sunkuye. In zai rage hasken fitila sai ya faɗa tukuna. In zai matsa ya ɗauko wani abu sai ya faɗa. Jerin motsin yau ya yi kama da na makon jiya, domin mai tabo ba abin da yake ƙi kamar ba-zata, kuma sanin abin da ke zuwa shi kansa magani ne.

Amma gwanintar da ta fi ba ni mamaki tana kan harshe. Malamin gari yana cewa, “Ɗaga hannu. Rufe ido. Saki jikinka.” Umarni ne, kuma kunnen fursuna ya ƙoshi da umarni, da ya ji shi, ko dai ya bi kamar gunki ko ya taurare. Malamin gidan yari yana cewa, “In kun ga dama, kuna iya ɗaga hannuwanku. Wani zai kai su kafaɗa, wani zai wuce da su sama, wani zai bar su a ƙasa. Duk daidai ne.” Ba ya cewa za ku ji daɗi, don bai sani ba, kuma wanda bai ji ba zai ɗauka shi ne ya gaza. Sai ya ce, “Mai yiwuwa ku ji wani abu a bayan cinya, mai yiwuwa ba ku ji komai ba. Ku lura kawai.” Ba ya yabon wanda ya fi kowa lanƙwasa, domin yabo na haifar da gasa, gasa kuwa a wannan gida tana iya ƙarewa a tsakar fili da jini. Ba ya tambayar kowa laifin da ya kawo shi. In zai sa a tsaya a wuri mai wahala sai ya faɗi iyakarsa, ya ƙidaya a fili daga biyar zuwa ɗaya, kowa ya san wahalar tana da ƙarshe, kuma ya tuna musu cewa mai son fita kafin ƙarshen yana da izini. Mai sauraro daga nesa zai ce wannan ai lallashi ne. Ka gwada yin magana awa ɗaya da rabi ba tare da umarni ko ɗaya ya suɓuce daga bakinka ba, kuma ba tare da ajin ya watse ba, za ka san horo ne mai tsanani. A cikin aji guda, mutumin da bai zaɓi abin da zai ci ba yau da safe zai zaɓi abu hamsin game da jikinsa, kuma ba wanda zai hukunta shi.

Ana farawa ne daga ƙasa. Kowa ya tsaya, ƙafafu a ware daidai faɗin ƙugu, hannuwa a sake. Wannan ita ce tsayuwar dutse, kuma mai kallo zai rantse ba abin da ake yi. Malami na cewa a ɗan karkata gaba har nauyi ya koma kan yatsu, a dawo baya ya koma diddige, a nemi tsakiya. A ɗaga yatsun ƙafa a baza su a ajiye. A danna babban yatsa a ƙasa a ji ko wani abu ya amsa a ƙwauri. Me ya sa ƙafa? Domin ita ce ta fi nisa da ƙirji da ciki da maƙogwaro, inda tsoro ya fi zama. Wanda ya yi shekaru bai ji jikinsa ba ba a tura shi tsakiyar wutar. Daga gefe ake shiga. Masana suna da suna ga wannan ji na ciki, wato iya sanin bugun zuciya, ɗaurewar tsoka, zafi, yunwa da ƙishirwa daga ciki. Shi tabo ke dakushewa, shi kuma ake wasawa a nan, gaɓa bayan gaɓa.

Sai numfashi. A ƙasan huhu akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. In ta sauka, iska ta shiga, ciki ya ɗan taso. In ta koma sama, iska ta fita. Mai zaman ɗar-ɗar ya manta da ita, da saman ƙirji da wuya yake numfashi, gajere-gajere. Malami zai ce wanda ya so ya ɗora tafinsa a kan cibiya ya ji ko hannun na motsi. Ba a gyara komai tukuna. Bayan an saba, sai a kawo ƙidaya: a shaƙa ana ƙirga huɗu, a fitar ana ƙirga shida. Baligi a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Da wannan ƙidaya ya sauko wajen 6. Sirrin yana cikin tsawaita fitarwar. Akwai wata jijiya mai suna bagus, ta goma cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ta biyo wuya ta sauka zuciya da huhu har hanji. Duk lokacin da mutum ya shaƙi iska zuciyarsa na ɗan ƙara sauri, duk lokacin da ya fitar wannan jijiya na rage mata gudu. Mai karatu na iya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya yi numfashi a hankali, zai iya jin bambancin da kansa. Ba ka iya ce wa zuciyarka ta lafa ta ji maganarka, amma kana iya bi ta hanyar numfashi ka isar mata da saƙon.

A nan ne kuma ake gane ƙwararre. Numfashi ba abokin kowa ba ne. Wanda aka taɓa shaƙe wa wuya, ko aka danne shi a ƙasa har iska ta ɗauke masa, da ka ce ya lura da numfashinsa ka mayar da shi wancan daren. Don haka ba a sa sabon shiga ya riƙe numfashi, kuma kullum ana ajiye masa wata madafa: ya koma kan tafin ƙafarsa, ko ya saurari ƙarar fanka, ko ya kafa ido a wani tabo na jikin bango. Rufe ido ma zaɓi ne. Da yawa sukan yi watanni idonsu a buɗe, suna kallon ƙasa ɗan nesa da tabarma, kuma ba wanda zai ce musu don me.

Tsakiyar ajin aiki ne na gumi, don waɗannan maza ne da jikinsu ke cike da ƙarfin da ba shi da mafita, kuma ba sa samun natsuwa sai an ƙona wani abu daga ciki. Ga tsayuwar mayaƙi: ƙafa ɗaya gaba a lanƙwashe har gwiwa ta hau saitin idon sawu, ɗaya a baya a miƙe, hannuwa a baje, ido na bin yatsun gaba. Ga zaman kujera ba kujera: a durƙusa rabi kamar za a zauna, a tsaya a nan. Bayan numfashi uku cinya ta fara zafi, bayan biyar ta fara rawa, zuciya na bugawa, haƙora na neman cijewa. Lura da kyau, waɗannan su ne alamomin da jiki ke bayarwa daf da fushi ya ɓalle. Bambancin shi ne a nan mutum shi ya kira su da kansa, yana iya sallamarsu lokacin da ya so, kuma ga murya a hankali tana tambayarsa: ina zafin yake? Yana tsaye ko yana yawo? Muƙamuƙinka fa, dole ne ya taya cinya aiki? Za ka iya tsawaita fitar numfashi ɗaya kafin ka miƙe? Sannan a miƙe, a tsaya shiru, a ji zafin yana janyewa da kansa. Darasin ke nan, kuma jiki ake koya wa, ba kunne ba: abu na iya tasowa ya kai ƙololuwa ya sauka ba tare da ka yi komai ba.

Darajar wannan ɗan jinkiri ta fito fili a wani shiri na shekara guda da Jacques Verduin, haifaffen Holan, ya kafa a San Kwentin, wanda ake kira GRIP. A farkon zama, 'yan ajin kan haɗa shekarun da kowannensu ya yi a ɗaure, jimlar ta kai ɗaruruwa, kuma da wannan lamba ake kiran ajin. Sannan kowa ya kiyasta tsawon lokacin da ya ɗauka tsakanin tasowar fushi da aikata abin da ya kawo shi. In aka haɗa na ajin duka, mintoci ne. Duk wahalar tabarma a kan waɗannan daƙiƙoƙi ake yinta.

Akwai motsin da ake tsallakewa ko a sake musu fasali. Haɗa hannuwa a ƙeya, mayar da su baya a harɗe, kifa ciki a ƙasa, dafa bango ƙafafu a ware: duk suna cikin yogar gari, duk kuma su ne siffar kamu da caje. Sunkuyawa da baya a sama a tsakiyar mutane, ko kwanciya ƙafafu a buɗe, na iya zama azaba ga wanda aka ci wa zarafi, kuma a gidajen yarin mata wannan ya fi yawa. Malami ba ya jiran a gaya masa waye abin ya shafa. Yana ɗauka kowa ne.

Duk da haka wani lokaci mikin na famuwa. Ido ya kafe, numfashi ya ɗauke, ko mutum ya miƙe fuu ya nufi ƙofa. Malami ba ya kiran sunansa, ba ya nufarsa. Ajin duka yake wa magana: mu buɗe ido, mu dubi ɗakin, kowa ya nemi abu uku masu launi ɗaya, mu taka ƙasa da ƙarfi, mu murza tafin hannu. Ya rufa wa mutum ɗaya asiri ta hanyar ba kowa aikin. Kuma ya san iyakarsa: shi ba likita ba ne, ba ya tonon labari, abin da ya fi ƙarfin tabarma yana da masu shi. Haka yake yi da hayaniyar gidan. Makullai na kaɗawa, lasifika na kiran lamba, wani lokaci ƙararrawa ta tashi a dakatar da komai, wani makon ma a kulle gidan gaba ɗaya ya zo bakin ƙofa a mayar da shi. Ba ya yin kamar ƙarar ba ta nan. Cewa yake, kun ji ta. Me ta yi wa kafaɗunku?

Wannan tambaya ita ce zuciyar abin da ake kira tattara hankali, wanda Jon Kabat-Zinn ya shigar da shi asibiti a jami'ar Masacusets a 1979. Mutane na zaton ana nufin share tunani ne har kai ya zama fanko. Ba mai iya wannan. Matakai uku ne ake maimaitawa: ka ajiye hankalinka a wuri ɗaya, ka farga ya gudu, ka dawo da shi ba tare da zagin kanka ba. Zai gudu kotu, ya gudu wurin uwa da ba ta da lafiya, ya gudu wurin wanda ya harare ka a layin abinci. Ka ce a ranka, tunani ne, ka komo. Komowar ita ce motsa jikin, kuma wanda ya komo sau ɗari a zama ɗaya ya fi wanda bai farga ya tafi ba.

Aji na ƙarewa da hutu na 'yan mintoci. A harshen Sanskirit sunan wannan kwanciya na nufin gawa. A gidan da wasu ke ɗaurin rai da rai, ba a kiranta haka. Mai so ya kwanta rigingine, mai so ya kwanta a gefe, mai so ya jingina da bango yana kallon ƙofa. Malami ya ce shi idonsa a buɗe yake, zai kula da ɗakin, kuma zai yi magana kafin lokaci ya cika. Wani lokaci sai a ji minshari. Malaman gari na ɗaukar wannan abin kunya. A nan babbar shaida ce, don mutum ya yi barci a tsakiyar maza ashirin.

Aji sau ɗaya ne a mako. Sauran kwana shidan su ne ke rarrabe mutane. Ɗakin San Kwentin faɗinsa ƙafa 4 ne da 'yan kai, tsawonsa kamar 10, kuma sau da yawa mutum biyu ne a ciki kan gado mai hawa biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe lokaci: barcin rana, talabijin, karta, a bar kwanaki su narke cikin juna har shekara ta zama ba ta da fuska. Ba na ganin laifin mai yin haka, gidan ne aka gina don hakan. Amma a ɗaki na gaba akwai wanda ya tashi tun kafin ƙidayar safe, ya shimfiɗa bargo a ɗan zirin da ke tsakanin gado da bango, ya san daidai inda zai juya don gwiwar hannunsa kada ta bugi ƙarfe ta tashi abokin kwanansa, ya yi mintocinsa ashirin ba mai kallo ba mai yabo. Don irinsa Fox ya rubuta ɗan littafi mai zane-zane da ake aika wa duk fursunan da ya rubuto ya nema, kyauta, kuma dubbai sun tafi. A Ingila, ƙungiyar Prison Phoenix Trust da Ann Wetherall ta kafa a Oksfod a 1988 tana yin makamancin haka, da littattafai da wasiƙun da masu sa-kai ke amsawa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wata hanya mai tsanani da ta fito daga Indiya kanta. Kiran Bedi, mace ta farko da ta zama babbar jami'ar 'yan sanda a ƙasar, ta karɓi ragamar kurkukun Tihar na Delhi a 1993, kuma a watan Afrilun 1994 malami S. N. Goenka ya jagoranci fursunoni kusan 1,000 a zaman da ake kira Vipassana. Kwana goma ne ba magana, a tashi ƙarfe huɗu na asuba, a zauna wajen awa goma a yini. Kwana uku na farko ana lura da iska a bakin hanci kaɗai, daga na huɗu a riƙa bin jiki daga tsakar kai zuwa yatsun ƙafa. Ta amfani mutane da yawa, amma a ganina magani ne mai ƙarfi, kuma ga mai ɗanyen miki dogon shiru da ido a rufe na iya zama buɗe ƙofar da bai shirya ba. An kai ta kurkukun Donaldson na jihar Alabama a 2002, aka dakatar da ita bayan ƙorafin cewa ana cusa addinin Buda, sannan aka dawo da ita a 2006.

Irin wannan ƙorafi ba na Kiristocin Alabama kaɗai ba ne, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Ita ma yoga tushenta na cikin addinin Hindu. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008, ta Indonesiya kuma a 2009 ta rarrabe tsakanin mai ɗauke da waƙe-waƙen bauta da wadda motsa jiki ce zalla. Azuzuwan gidan yari na irin San Kwentin galibi sun ajiye waƙen da sunayen Sanskirit, domin a zobe ɗaya akwai Musulmi da Kirista da wanda ba ya komai. Hukunci dai na malaman addini ne. Abin da kawai zan ce shi ne bi ta jiki don kashe wutar fushi ba baƙon abu ba ne ga wanda aka hora tun yana yaro cewa mai fushi ya sauya daga tsaye zuwa zaune, ko ya nufi buta.

Me bincike ya nuna? A 2013 masana na jami'ar Oksfod, ƙarƙashin Amy Bilderbeck, suka buga sakamakon gwaji a gidajen yari bakwai na Ingila: an raba fursunoni gida biyu, wasu suka yi yoga mako goma, wasu ba su yi ba. Masu yogar sun ba da rahoton raguwar damuwa da ƙaruwar walwala, kuma sun fi yin daidai a wani gwajin kwamfuta da ake danna maɓalli in wata alama ta fito, a riƙe hannu in wata ce ta fito. A 2014 van der Kolk ya gwada mata 64 masu tsohon tabon da ya ƙi jin magani, ba fursunoni ba; bayan mako goma, kashi 52 cikin 100 na masu yoga sun fita daga ma'aunin cutar, a rukunin da ba su yi yoga ba kuwa kashi 21. Ƙananan gwaje-gwaje ne, na gajeren lokaci, kuma masu shiga da son ransu suka shiga. Duk wanda ya ce maka tabarma na rufe gidan yari, ko tana maye gurbin likita da lauya da sana'ar yi bayan fita, ya yi ƙari. Ba ta mayar wa waɗanda aka zalunta abin da suka rasa.

Ga mai tambayar don me za a ɓata wannan ƙwarewa a kan masu laifi, ƙididdigar ma'aikatar shari'a ta Amurka ta daɗe da nuna cewa aƙalla kashi 95 cikin 100 na fursunonin jihohin ƙasar za a sake su wata rana, su koma unguwa, su shiga motar haya, su zauna gida ɗaya da mata da yara.